Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga editoci da masu fassarar labarai da Hausa a kan kalmar "dirama"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamai editoci, masu fassara da masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyo da talabijin, jaridu da shafukan labarai na Hausa, muna gaishe ku, muna kuma yi muku sannu da ƙoƙari. Mun san halin ɗakin labarai. Labari zai faɗo da Turanci saura minti goma a shiga situdiyo, dole a juya shi kafin agogo ya buga, kuma kalmar da ta fara zuwa baki ita ce takan hau takarda. Da wannan sanin muka rubuto, ba da raini ba.

Mu kashi biyu ne. Wasunmu malaman Hausa ne da masu aikin fassara. Wasunmu ma'aikatan lafiya ne da ke karɓar marasa lafiya a ɗakin gaggawa, ɗakin haihuwa da sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Kalma ɗaya ce ta haɗa mu, wato "dirama", wadda yanzu kusan kullum sai ta fito a kanun labaranku: an tafka dirama a kotu, dirama a majalisa, amarya ta yi dirama a wajen kamu. Muna magana da yawun ɗaliban da muke koya wa harshen, da kuma marasa lafiyar da wannan kalma take riga mu isa wurinsu.

Ba aron kalmar ne ya dame mu ba. Hausa ta ari mota, ta ari asibiti, ta ari alƙali, duk sun zauna daram. Asalin dirama daga Girkanci ne, inda take nufin aikatawa, ta biyo ta Turanci ta iso mana da ma'anar wasan kwaikwayo. A wannan ma'ana ba ta da aibu. Tun kafin zuwanta muna da tashe a watan azumi, muna da wasan gauta a fada, muna da 'yan kama masu kwaikwayon malamai a kasuwa. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne mai yi da mai kallo sun san wasa ake yi. Yaron da ya ɗaura gemun auduga yana dogara sanda a tashe bai yaudari kowa ba.

To amma idan aka ciro kalmar daga dandali aka ɗora wa mutum a kotu ko a gadon asibiti, an faɗi abu uku a kansa lokaci guda: akwai 'yan kallo, don su yake yi da gangan, kuma abin da yake nunawa ba shi ne a jikinsa ko a zuciyarsa ba. Na farkon ne kawai ido yake iya tabbatarwa. Sauran biyun hukunci ne. Duk ƙorafinmu daga nan ya taso.

Abu na farko, kalmar ta haɗiye 'yan'uwanta. Idan 'yan majalisa suka ɗaga murya a kan juna, cacar baki ce ko sa-in-sa. Idan aka tashi tsaye ana nuna yatsa, zama ya gagara, hatsaniya ce. Idan aka kai ga cin kwala da jifa da kujeru, an ba hammata iska. Rikicin shugabancin jam'iyya da aka yi wata shida ana ja, dambarwa ce ko turka-turka. Kowace daga cikinsu tana gaya wa mai sauraro girman abin da tsawon lokacinsa. Wanda ya ji "an yi dirama a majalisa" bai san ko an daki wani ba, ko kuwa shewa kawai aka yi.

Wani lokacin ma kuskuren fassara ne tsagwaronsa. Turanci yana da siffar da ake furtawa "diramatik", kuma sau da yawa ba ruwanta da wasan kwaikwayo, ma'anarta abu ya zo da girma ko ba zato. Farashin da aka siffanta da ita tashin gwauron zabo ya yi. Wasan ƙwallon da aka siffanta ƙarshensa da ita, reshe ne ya juye da mujiya a mintin ƙarshe. Mai fassarar da ya ga rabin kalmar ya rubuta dirama ya canza labarin.

Inda Hausa ta fi wadata kuwa shi ne wajen siffanta halin mutum mai wuce gona da iri, kuma a nan asarar ta fi ciwo. Zuzutawa da kambamawa a baki suke: abu ya faru da gaske, mai ba da labari ya ƙara masa gishiri. Kwakwazo ɗaga murya ne a kan abin da bai kai ya kawo ba, don jama'a su taru. Raki a jiki yake, ciwon na nan amma kukan ya fi shi. Shagwaɓa ana yin ta ne ga wanda aka san zai lallasa, uwa ko miji, shi ya sa ba a yi wa baƙo. Iyayi da feleƙe nuna kai ne, a tafiya, a magana, a sa baki cikin abin da ba a tambaye ka ba. Kwarkwasa jan hankalin namiji ne. Burga da kumfar baki na mai tsoratarwa ne wanda ba lalle ya iya aikata abin da yake faɗa ba. Borin kunya shi ne na wanda aka kama dumu-dumu, ya tayar da ƙura don a bar zancen laifinsa a koma zancen fushinsa. Riya ta shafi ibada da alheri, aikin ganin ido. Sai lamɓo, wanda shi kaɗai ne yake nufin mutum lafiyarsa ƙalau ya kwanta ya yi kamar ba shi da ita.

Ku duba jerin nan da kyau. Mai raki ba maƙaryaci ba ne. Mai zuzutawa yana da gaskiya a ƙasan maganarsa. Mai lamɓo ne kaɗai mayaudari. Bahaushe ya raba su ne domin kowanne da yadda ake bi da shi: mai shagwaɓa a lallashe shi ko a share shi, mai burga a tsaya masa, mai raki a ba shi magani a haɗa da haƙuri. "Dirama" ta tattara su duka ta ba su hukuncin mai lamɓo. Ɗalibanmu na aji ɗaya a jami'a da yawa sukan kasa bambanta iyayi da kwarkwasa a rubuce, amma babu wanda bai iya "tana dirama" ba, kuma daga waya da rediyo suka ɗauko.

Abu na biyu ya shafi aikinku kai tsaye. Mutum ya yanke jiki ya faɗi a gaban alƙali ko a gaban kwamitin bincike, abu ne da Nijeriya ta sha gani. A watan Yulin 2020, muƙaddashin shugaban hukumar raya yankin Neja Delta ya kife a kan tebur ana tsakiyar yi masa tambayoyi a kwamitin majalisar wakilai, kuma an nuna abin a talabijin. Jama'a na da damar su yi zargi, kuma mun san dalilin zargin, an gaji da ganin manya suna neman hanyar zillewa. Sai dai ɗan jarida ba ɗan kallo ba ne. Wanda ke tsaye a ɗaki mai zafi, bai karya ba, gabansa na faɗuwa, jininsa na iya sauka ya suma da gaske ko da ɓarawo ne. Wanda bai saci ko sisi ba kuma yana iya yin lamɓo don tsoro. Daga kujerar 'yan jarida ba a iya rabewa, kai ko likita sai ya auna bugun jini, ya duba ƙwayar ido, ya gwada suga. Idan kanun labari ya ce "dirama", gidan jaridar ya yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba, da shaidar da ba shi da ita. Ɓata suna kuma laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, ban da ƙarar neman diyya. Ba a rasa komai idan aka rubuta abin da ya faru: ya faɗi da misalin ƙarfe kaza, an fita da shi, alƙali ya ɗage zama zuwa rana kaza, lauyan gwamnati ya ce lamɓo ne, lauyansa ya ce hawan jini ne. Mai karatu ba yaro ba ne, zai auna da kansa.

Abu na uku, shirye-shiryen lafiya. Akwai wata kalmar likitoci da ta fara yawo a bakin masu gabatarwa da masu bidiyo a TikTok da Facebook, wadda ake furtawa "histiriyonik", ana fassara ta da "ciwon dirama" ko "cutar neman suna". Tushenta kalmar Latin ce, histrio, wato ɗan wasan kwaikwayo. Masanin tarihin Rum, Livy, ya rubuta cewa a shekara ta 364 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, an ɗauko 'yan rawa daga ƙasar Etruriya lokacin wata annoba, kuma daga sunan da mutanen can suke kiran ɗan wasa kalmar ta samo asali. Tana kama a kunne da wata kalmar, "histeriya", amma ba dangi ba ne. Ita histeriya daga sunan mahaifa ta fito a Girkanci, saboda tsohon zaton cewa mahaifa ce ke yawo a jikin mace tana haddasa mata faɗuwa da kuka. Likitanci ya yi watsi da wannan zato tuntuni, kuma a 1980 kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya cire histeriya daga jerin sunayen cututtuka. Wanda ya gauraya kalmomin biyu a shirin rediyo ya dawo da zancen "ciwon mata" ta bayan gida.

A wancan kundi, bugun 2013, larurar ɗabi'a ta histiriyonik tana da alamomi takwas, kuma sai mutum ya cika aƙalla biyar: rashin sukuni idan ba shi ake kallo ba, kwarkwasa ko tsokana a inda bai dace ba, yanayin zuciya mai saurin juyawa kuma marar zurfi, amfani da ado da sura don jan ido a kowane lokaci, magana mai armashi wadda in ka bi ta ba ka samun takamaiman bayani, nuna farin ciki ko baƙin ciki fiye da kima, saurin ɗaukar ra'ayin duk wanda ke kusa, da ɗaukar sanayya ta sama-sama a matsayin aminci. Ko biyar ɗin sun cika, da sauran sharuɗɗa. Dole halin ya kasance tun farkon girma, yana bin mutum gida da wajen aiki da cikin abokai, yana kuma ɓata masa aure ko sana'a ko zumunci. Dole a auna shi da al'adar mutanensa, domin guɗa a gidan biki da kuka a gidan mutuwa ba alamar cuta ba ne. Maza ma suna samunta. Mai ita kuma ba tsara abin yake yi da dare ya fito ya aiwatar da safe ba, haka ya tashi ya ga kansa, kuma maganinta zama ne da masanin halayyar ɗan Adam na tsawon lokaci, ba ƙwaya ba, ba gori ba.

Akwai kuma abin da ya kamata duk mai shirin lafiya ya sani. Sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022, ya daina ware wannan larura da sunanta. Yanzu cewa ake yi mutum yana da larurar ɗabi'a mai sauƙi, matsakaiciya ko mai tsanani, sannan a bayyana halayen da suka fi rinjaye. Ke nan masana da kansu suna taka-tsantsan da sunan, mu kuwa muna liƙa wa 'yar fim ko matar aure daga bidiyon minti ɗaya.

Abu na huɗu shi ne ya sa ma'aikatan lafiyar cikinmu suka nace a rubuto wannan takarda. Kalmar da kuka maimaita a rediyo ita ce ake maimaitawa a tsakar gida, kuma a tsakar gida ake yanke shawarar ko a nemo mota ko a jira gari ya waye.

Ku ɗauki mai ciki. A al'adarmu ana son mai cikin fari ta nuna kunya da dauriya, ba ta faɗin ciwo, ba ta kuka a naƙuda. Ita kuma jijjiga ta fi kama masu cikin fari da masu ƙananan shekaru. Kafin ta zo takan yi sallama: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannaye. Bayan mako 20 na ciki, awon jini da ya kai 140 bisa 90 abin bincike ne, wanda ya kai 160 bisa 110 kuwa na gaggawa ne a wannan sa'ar. Akwai allurar maganiziyam salfet da ke hana jijjigar, ba ta da tsada, amma sai an kawo mace kafin a yi mata. Haɗarin bai ƙare da haihuwa ba, yana iya zuwa a kwanakin jego. Yarinyar da aka horar da ita a kan shiru, in har ta buɗe baki ta ce kanta zai tsage, ta riga ta daure iyakar dauriya. Idan amsar da ta samu ita ce "ke dai kin cika dirama", ba za ta sake faɗa ba, sai dai a gan ta a ƙasa tana taune harshe.

Masu sikila sun fi kowa shan wannan kalma. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai wajen 150,000 a shekara. Ciwon yana tashi ne idan ƙwayoyin jini suka lanƙwashe suka toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi ya rasa iska. Ba ya fitowa a ma'aunin zafi, sau da yawa ba kumburi, ba rauni, kuma babu gwajin jinin da ke auna zafinsa. Shaidar kawai ita ce bakin mai shi. Wanda ya shekara ashirin da ciwo ya koyi danne shi da hira ko latsa waya, sai a ce ai ga shi yana dariya. Wanda ya san sunan allurar da ke yi masa aiki, sai a ce ɗan ƙwaya ne. Ƙa'idar jinya ita ce a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi cikin minti 30 zuwa awa ɗaya da isowarsa, a ba shi ruwa, a nemi abin da ya tayar da ciwon, zazzaɓin cizon sauro ne ko sanyi ko ƙishirwa. Idan ciwon ya koma ƙirji da tari da haki, rai ake magana. Jinkirin da "bari mu gani ko dirama ce" yake jawowa a nan yake kisa.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, musamman da azumi, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a ma'aunin da aka fi amfani da shi, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin. Zai yi gumi, hannu na rawa, ya yi ta faɗa ba dalili, magana na sarƙewa kamar mai maye. Dattijo mai kamala sai ya zama kamar wani daban, iyali su ce rigima yake ji. Maganin babban cokali ɗaya ne na suga a ruwa, kimanin giram 15, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15. In ya riga ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa.

Sai wanda ya fi wuyar fahimta, kuma muna roƙon ku karanta shi a tsanake. Akwai faɗuwa da karkarwa mai kama da farfaɗiya wadda in aka sa na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa ba a ganin alamar farfaɗiya. Akwai shanyewar ƙafa ko ɗaukewar murya da hoto ba ya nuna dalilinsu. Da can irin wannan ake kira histeriya. Abin da likitanci ya tsaya a kai yanzu shi ne ba da gangan ake yi ba. Ƙwaƙwalwa ce ta rikice wajen aika saƙo ga jiki, sau da yawa bayan firgita, cin zarafi, rashi ko damuwar da aka daɗe ana haɗiyewa, wani lokaci kuma ba a gano musabbabi. Wasu ma suna da wannan kuma suna da farfaɗiyar tare. "Gwaji bai nuna komai ba" da "ƙarya take yi" maganganu biyu ne mabambanta, kuma cakuɗa su ne yake sa a mari yarinya, a tsunkule ta, a watsa mata ruwan sanyi wai don ta daina. Abin da ake yi wa duk mai jijjiga iri ɗaya ne ko mene ne sanadin: a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a cusa cokali a baki, a juya shi ta gefe idan ta lafa, a duba agogo. Ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, a tafi asibiti nan take.

Irin wannan yakan kama 'yan makaranta a tare. Mutanen Kano ba su manta da abin da aka kira Sumbuka a makarantun 'yan mata a tsakiyar shekarun 1990 ba, kuma makarantu a Nijar sun sha ganin makamancinsa. Aikin ma'aikacin lafiya a nan shi ne ya fara kore guba, gurɓataccen abinci, hayaƙi da sanƙarau, sannan a raba waɗanda abin ya kama da sauran, a rage taro, a kwantar da hankalin iyaye. Kyamara da cincirindo suna ƙara yaɗa shi. Iyaye wasu ruƙiyya za su nufa, wasu asibiti, wasu duka biyun. Abin lura shi ne malamin ruƙiyya bai ce yaran wasa suke yi ba, likita ma bai ce ba. Kanun labari ne kawai yake faɗin haka.

Na ƙarshe a wannan babi gajere ne. Wanda ya ce zai kashe kansa, ko ya rubuta a Facebook, ko ta faɗa cikin kuka bayan faɗa da miji, ba a kiran maganarsa dirama. Da yawa daga waɗanda suka aikata sun faɗa tukuna. A zauna da shi, a tambaye shi kai tsaye, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da igiya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata.

Ba mu ce babu masu lamɓo ba. Akwai su, a kotu da asibiti da gidan aure, kuma muna haɗuwa da su. Amma gano su yana zuwa ne a ƙarshen bincike, bayan an auna an kore sauran dalilai. In aka yi kuskure aka duba mai lamɓo, an yi asarar rabin awa da 'yan kayan gwaji. In aka yi kuskure aka kori mai jijjiga, uwa da ɗa ake iya rasawa.

Ga abin da muke roƙo.

Ku cire "dirama" daga muryar gidanku idan ana maganar mutum na gaske a cikin wani hali na gaske. Ku bar ta ga fim da wasan dandali da na rediyo. Idan wani ne ya faɗa, ɗan siyasa ko lauya, ku sa ta a bakinsa da sunansa, ku kuma nemi martanin wanda aka faɗa wa.

Duk labarin faɗuwa, suma ko kuka a bainar jama'a, edita ya tambayi wakilinsa abu huɗu kafin ya wuce: me ka gani da idonka, tsawon wane lokaci, wa ya duba shi, me likita ko kotu ta ce. Abin da ba a samu amsarsa ba a bar shi.

Kowane ɗakin labarai ya rubuta takarda shafi ɗaya a manna kusa da teburin fassara, kalmomin rikici a gefe guda daga cacar baki zuwa ba hammata iska, kalmomin hali a ɗaya gefen daga zuzutawa zuwa lamɓo, kowace da misalin jimla ɗaya. Sabon ma'aikaci ya karanta ta a makonsa na farko. Ba aikin kuɗi ba ne, aikin yamma ɗaya ne ga mutum biyu da ƙamus.

A shirin lafiya, muna ba da shawarar a ce "larurar ɗabi'a mai sa yawan neman jan hankali" maimakon "ciwon dirama", a kuma ce "jijjigar da ba ta farfaɗiya ba" maimakon "suman ƙarya". Sun fi tsawo, mun sani, kuma in kun samo waɗanda suka fi su daɗin faɗa ba tare da zargi a ciki ba, za mu karɓa da murna. Duk lokacin da aka ambaci larurar a faɗi cewa likitan ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke tabbatar da ita bayan zama da mutum, kuma kada mai gabatarwa ko baƙonsa su ɗora ta a kan wani sananne da ba su taɓa dubawa ba. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa masu irin wannan larura wariya, kuma suna na daga cikin hanyoyin wariya.

Idan kun kira abu dirama daga baya ta bayyana ciwo ne, ku gyara a inda kuka yi kuskuren, da girman da kuka ba shi, a shiri ɗaya ko shafi ɗaya.

Sannan muna roƙon manyanku su nemi zama da sassan Hausa na jami'o'in Bayero, Ahmadu Bello, Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai, tare da likitocin asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware da Maiduguri, a fitar da jerin kalmomin lafiyar ƙwaƙwalwa guda ɗaya da kowane gida zai riƙa amfani da shi, don kada mai sauraro ya ji suna uku a tasha uku a kan larura ɗaya. Malamin harshe shi kaɗai zai ƙirƙiro kalmar da ba ta dace da ciwon ba, likita shi kaɗai zai kawo wadda ba mai iya furtawa, ku kuma ku ne kuka san abin da ke shiga kunne a cikin daƙiƙa talatin. Duk gidan da ya shirya fara takardar shafi ɗayan nan, a cikinmu akwai masu zuwa su zauna da masu fassararku ba tare da an biya su ba.

Allah ya ƙara basira, ya yi wa aikinku albarka.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman Hausa, masu fassara da ma'aikatan lafiya